Inna Jumai da Agogon Gudu

A Lausu in ka ce Jumai kawai sai an tambaye ka wacce, don muna da su da yawa. Amma in ka ce Inna Jumai matar Malam Ɗalhatu, kowa zai nuna maka gidan nan mai durumi a tsakar gida. Katanga ɗaya ce ta raba ni da ita. Ta kan katangar nake miƙa kwalba ta zuba min man gyaɗa, ta kanta kuma na ji mafi yawan abin da zan faɗa.

Asalinta 'yar Nariya ce, can ƙasar Kibiya. Mahaifinta manomi ne, amma da rani yakan ɗora wa jakuna barkono da daddawa ya bi kasuwanni. Bai samu ɗa namiji da wuri ba, sai ya zama Jumai ce ke bin sa tana kora jakin baya. Takan ce ba ta taɓa sanin gajiyar ƙafa ba a wancan zamani. Abin da ta fi tunawa shi ne yadda duwatsun Rano ke fitowa da safe, da farko kamar hadari ya kwanta a ƙasa, sai a hankali su yi jiki, har ka ga awaki a kansu.

Malam Ɗalhatu ya zo Nariya neman ilimi yana saurayi. Ta bayan zana ta fara jin karatunsa kafin ta ga fuskarsa, ta ce muryar ce ta fara kwanta mata. Aka yi aure, ya kawo ta Lausu. Daga nan rayuwarta ta tattara a cikin gida ɗaya. Ba wanda ya matsa mata, aikin ne ya cika mata rana: suyar gyaɗa, matsar mai, tuyar ƙuliƙuli, renon yara. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano matan aure suka yi ta neman karatu, sai ta buɗe musu tsakar gidanta bayan la'asar. Tun daga lokacin ma mutane ke zuwa wurinta, ita ba ta zuwa wurin kowa. In biki ya kama ko gaisuwar mutuwa, mota ce ko babur daga ƙofa zuwa ƙofa.

Wajen shekarar 2017 jiri ya kwashe ta tana gaban kasko. Aka kai ta asibiti a Rano, aka ce hawan jini ne, ga suga yana neman shigowa. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce, "Inna, magani kaɗai ba zai yi ba. Ki riƙa tafiya kullum, kamar kilomita uku, da ɗan sauri yadda za ki yi gumi."

Inna Jumai ta ce, "'Yar nan, ni a ina zan ga kilomita a cikin gida?"

Autanta Nuruddeen malamin wasanni ne a wata sakandare a birni, kullum da safe sai ya yi gudu. Da ya zo duba ta ya ji wannan magana, sai ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura mata. Baƙi ne, ƙato, na gwanjo, faɗinsa ya kusa murfin kwalbar zuma. Sai da ya huda sabon rami a maɗaurin kafin ya zauna a hannunta.

Ya ce, "Inna, wannan ba lokaci kaɗai yake faɗa ba. Akwai na'urori a sama da ake kira taurarin ɗan'adam, suna zagaya duniya. Agogon nan yana sauraron su, da haka yake sanin inda kike, da nisan da kika yi, da saurin da kika yi shi."

Ta ja mayafi ta rufe hannun. "Wato suna kallona ke nan, Auta?"

"A'a, ba sa ganin kowa. Su dai magana suke yi, shi kuma yana ji."

Ta buɗe hannun ta kara agogon a kunne. Ba ta ji komai ba, amma ta ce tun daga ranar in ta ɗaga kai sai ta ji kamar sama cike take da masu raɗa.

Ta fara tafiyarta a tsakar gida. Daga madafi zuwa rijiya, daga rijiya zuwa rumbu, ta zagaya durumi ta dawo. Ina jin ƙarar silifas ɗinta ta katanga kowace safiya. Sai dai agogon ya ƙi ba da haɗin kai. Wata rana ta yi ta zagaye har zufa ta jiƙa mata riga, ya nuna ko rabin kilomita ba ta yi ba. Wata rana kuma tana zaune a ƙarƙashin rumfar kwano tana tsintar shinkafa, ta manta ba ta kashe shi ba, sai ta duba ta ga wai gudu take yi irin na mai keke.

Ƙarshen wata Nuruddeen ya zo ya haɗa agogon da wayarsa. Inna ta kira ni in zo in ga abin mamaki. A kan wayar ga hoton unguwarmu kamar yadda shaho ke ganinta, ga rufin gidaje, ga durumi kamar ɗigon miyar kuka. A kai kuma wani jan zare ya kwanta, wai shi ne sawun Inna. Zaren bai tsaya a gida ba. Ya haura katanga ya shiga ɗakina, ya fita ta garken shanun maƙwabta, ya miƙe ta gonaki har bakin kududdufi, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Nuruddeen ya ce, "Kin ga shirmen da yake yi."

Inna ta daɗe tana kallon zaren. Ta bi shi da yatsa har inda ya ƙare. Ta ce, "Rabona da kududdufin nan tun ina goyon yayarka. Har yanzu akwai bado a cikinsa?"

Ba wanda ya sani a cikinmu. Ta ce da ni daga baya, a 'yan kwanakin nan in ta kishingiɗa bayan azahar sai ta yi ta mafarkin tana tafiya a hanya, ba ta san inda za ta ba, ciyawa tana taɓa mata ƙwauri.

Nuruddeen ya zauna ya yi wa agogon gyaran da ya iya. Akwai wani saiti da ke sa shi tsayawa da kansa in mai gudu ya tsaya. Tafiyar Inna ba ta kai gudu ba, sai ya riƙa ɗauka a tsaye take. Da ta ji haka ta ɓata rai, ta ce a faɗa masa ita ba ta taɓa tsayuwa a hanya ba tun tana yarinya. Ya kashe wannan. Ya kuma sa shi ya riƙa rubuta inda take kowace daƙiƙa, maimakon jefi-jefi yadda yake yi don tattalin batir. Ya buɗe masa ya saurari taurari iri biyu, ba iri ɗaya ba. Sannan ya nuna mata abin da ya ce ya fi duka muhimmanci.

"Inna, kada ki danna ki kama tafiya nan take. Ki fito fili inda ba rufi ba bishiya, ki tsaya cak, fuskar agogon tana kallon sama. Ki jira sai layin nan ya cika ya zama kore, ya yi miki ɗan motsi a hannu. Ko ya yi ma ki ƙara masa ɗan lokaci. Sai ya gama jin su sosai sannan ki fara."

Haka na riƙa hango ta da safe, tsaye a tsakiyar gida, hannu a miƙe kamar mai jiran ɗigon ruwan farko, kaji suna kewaya ta. Abin ya yi sauƙi, zaren ya daina shiga ɗakina. Amma lissafin bai daidaita ba. Yau ya ce kaza, gobe a zagaye iri ɗaya ya ce wani abu daban.

Da Nuruddeen ya sake zuwa ya ce, "Gaskiya, Inna, gidan nan ya yi masa kaɗan. Ko yana lafiya lau, kuskurensa yakan kai faɗin ɗaki. In kina zagaye a ɗan wuri, ga katanga, ga kwano, ga durumi, kuskuren sai ya rinjayi tafiyar. Fili yake so, da hanya miƙaƙƙiya."

Malam Ɗalhatu yana gefe a kan buzu yana duba littafi. Mutum ne marar yawan magana, dogo, siriri, mai farin gemu. Bai ɗago kai ba ya ce, "To, a ba shi hanya mana."

Washegari da gari ya yi haske, bayan ya sallami masu ɗaukar karatun asuba, ya tsaya a zaure da sandarsa ya yi gyaran murya. Inna ta fito da hijabi. Suka tsaya a filin bayan makarantar firamare, ita da hannu a miƙe, shi yana kallon gabas, har agogon ya motsa. Suka kama hanya.

Ba su yi nisa ba ta wuce shi. Ta ce ba da gangan ba ne, ƙafafun ne suka tuna abinsu. Mutanen da suka fito da wuri suka ga Inna Jumai a gaba tana zabga sauri, Malam a baya yana bin ta da sanda. Kafin hantsi mata biyu sun shigo wurina suna tambaya cikin raɗa, wai da gaske ne Inna ta yi yaji bayan duk shekarun nan? Ishiyaku mai faci, wanda abokin wasan Malam ne, ya tare shi a hanyar masallaci ya ce, "Allah gafarta Malam, in biko ne a tafi da ni, na iya ba da haƙuri." Malam ya yi murmushi ya ce likita ne ya aike su.

Nuruddeen bai haƙura da gyara ba. Ya ari babur ya auna hanyar da mitarsa, daga makaranta zuwa wata babbar ɗorawa, sannan ya gwada da abin da agogon ke faɗa. Sun yi kusa da juna ƙwarai, sai a wuri ɗaya, inda hanyar ta ratsa tsakanin duwatsu biyu ta shiga inuwar mangwarori. A nan zaren yakan yi tsalle, saurin ya haukace. Ya ce dutsen ne ke tare muryar taurarin, wani lokaci kuma ya dawo da ita kamar amsa-kuwwa, agogon ya rikice. Sai suka koma bin burtali, inda sama take a buɗe ta ko'ina. Ya kuma lura Inna tana naɗe hannu a ciki, a jikin cikinta, jikinta yana kare agogon. Ta sa aka ɗinka mata hijabi mai hannu, ta riƙa tafiya tana wurga hannun a waje. Daga nan lissafin ya zauna. Abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Damina ta sauka suna cikin wannan tafiya. Inna ta ce a shekarun aurensu duka ba su taɓa jerawa a hanya su biyu ba sai a lokacin. Ta rage sauri, shi ya ƙara, suka haɗu a tsakiya. Wani lokaci yana tilawa ƙasa-ƙasa, ita tana sauraro. Wani lokaci ita ce ke nuna masa ganyaye tana faɗar sunayensu, tafasa, rama, 'yar unguwa, da wanda jaki ke so da wanda ba ya ci. Matan Fulani masu kai nono gari suka saba da su, sukan sauke murya su gaishe su, wani lokaci su tsaya a taɓa agogon. Da safe hazon ruwa yakan kwanta a kan gero, sai ka ga kawunan mutane kawai suna tafiya a samansa. Sun je kududdufin nan ma. Akwai bado, fari tas, ya rufe rabin ruwan. Malam ya sa sanda ya jawo mata ɗaya, ta kawo shi gida ta sa a kwanon sha har ya yi yaushi.

Jininta ya sauka, jirin ya tafi. Fuskarta ta yi wani irin haske da ban san ta da shi ba.

Wajen tsakiyar damina Nuruddeen ya zo ya haɗa agogon da waya kamar yadda ya saba, sai ya ga abin da bai gane ba. Saurin Inna yana ta raguwa mako bayan mako. Zaren kuma ya riƙa yin ƙulli a wurare, alamar an daɗe a tsaye. Ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiyarta ƙalau. Ya ce to agogon ne ya sake lalacewa. Ya goge saitinsa ya sake sabo, ya ce gobe zai bi su da wayarsa a hannu ya gwada su biyun.

Suka fita su uku. Agogo da waya suka yi ta faɗar abu ɗaya. Ba a yi nisa ba Malam ya tsaya a bakin wata gona, ya kama ganyen dawa yana dubawa, ya ce bana tsutsa ba ta yi ɓarna ba. Inna ta tsaya tana kallon sama. Aka ƙara gaba kaɗan, ya sake tsayawa, wai tsakuwa ta shiga takalminsa. A tsayawa ta uku Nuruddeen ya ga yadda mahaifinsa ya jingina da sanda, ya dafe ƙirji ta cikin riga, leɓɓansa sun bushe, yana jan numfashi a ɓoye.

Suka dawo gida. Nuruddeen ya bi Inna ɗaki ya durƙusa.

Ta ce, "Agogonka lafiyarsa lau, Auta."

"Tun yaushe ne, Inna?"

"Tun shukar fari. Na yi magana har na gaji. Ya ce in ya je asibiti za su hana shi fita, ni kuma in koma zagaya durumi."

Nuruddeen ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya je zaure wurin Malam. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, amma da hantsi mota ta zo. A birni aka ce zuciya ce, an kuma zo a kan lokaci. Ya yi kwanaki a kwance, Inna tana gefensa. Ta ce a ɗakin asibitin ta gwada kunna agogon don kewa, ya yi ta nema bai ji komai ba, benaye sun rufe sama.

Da suka dawo likita bai hana Malam fita ba, ya dai ce kaɗan-kaɗan, ban da gajiya. Shi da kansa ya aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin zaure, ya ce, "Rukayya, in maigidanki ya yarda, ki riƙa raka ta. Ƙafarta ta fi ƙarfina."

Haka na shiga tafiyar. Mukan fita mu uku, Malam ya raka mu zuwa tsamiyar farko a bakin burtali, ya shimfiɗa buzu ya zauna da carbi. Mu mu wuce. In mun juyo, tun daga nesa muke hango farar rigarsa. Daga baya wasu mata biyu daga cikin ɗalibanta suka biyo mu, su ma masu hawan jini. Inna ce mai agogo, ita ke cewa a ƙara sauri ko a sassauta, ba mai musu da ita.

Da kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, sai wata safiya ta ce da Malam tana son zuwa Nariya ta ga yayarta Hadiza, wadda tsufa ya hana fita.

Ya ce, "Sai a nemo mota."

Ta ce, "Da ƙafa nake so, Malam."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce a cika wa agogon caji, a kuma tafi da ruwa da maganinta. Ya sa Ishiyaku ya biyo mu da babur daga nesa ko da wata za ta gaza.

Muka fita da sanyin safiya, ni da ita. Hanyar da ta sani tun tana yarinya ta canza. Wani wurin an yi gidaje, wani wurin gona ta cinye ta, sai mun tambaya. Amma jefi-jefi sai ta tsaya ta ce a nan akwai rijiya, mu duba mu ga bakin tsohuwar rijiya a cikin ciyawa. Iska tana kaɗa karan dawa, ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ake cira yana tashi daga gonaki. Mun huta a inuwa ba sau ɗaya ba, muka ci ƙuliƙuli da ruwa. Ni ƙafata ta yi bororo tun kafin rabin hanya, na hau babur ɗin Ishiyaku na ɗan wani lokaci. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Tana tafe tana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka da ni take, ashe sunayen jakunan mahaifinta take kira ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta take muka shiga Nariya. Yaya Hadiza tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya yi rauni. Da ta ji sallama ta ce, "Jumai? Ban ji tsayuwar mota ba."

"Da ƙafa na zo, Yaya."

Tsohuwar ba ta yarda ba. Ta ce ta matso, ta sa hannu ta shafa ƙafafun tun daga idon sawu har yatsu, ta ji ƙasa da ƙaiƙayin ciyawa a jiki. Sai ta sa aka ɗora ruwa a wuta, ta ce ba mai wanke ƙafafun nan sai ita. Inna ta danna agogon ta tsayar da shi, ta miƙo min in ajiye wa Nuruddeen ya gani, ta zauna a kan turmi ta miƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi. Suna hirar mutanen da suka rasu da waɗanda suka rage, har barci ya fara fizgar Inna a zaune.

Kwana biyu muka yi, muka dawo a mota. Malam ya rayu shekara huɗu bayan haka. Inna Jumai tana nan, ta bar matsar mai ga jikokinta, amma karatun la'asar bai tsaya ba. Batirin agogon ya tsufa, yanzu ba ya kai mu ya dawo da mu, Nuruddeen yana ta cigiyar wani a birni. Jiya da muka fita ta ce in rani ya yi akwai wata ƙawarta a Dawaki da take son ta leƙa, ta ce in fara neman takalmin da ba zai cije ni ba.